Famfon da Ya Ƙi Tsayawa

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ta watan Afrilu ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, akwai ƙauye guda cur a yankin Kalfu da ya ɗauki nauyin tuna mini. Har gobe in na haɗu da ɗan garin a kasuwar Tawa, kafin ya gaishe ni sai ya ɗaga kai ya dubi sama, kamar mai duban hadari.

A shekarun casa'in ne. Na dawo gida daga Yamai da takardar shaidar karatun ordinater, wato kwamfuta, bayan karatun shekara uku ya cinye mini biyar saboda yajin aiki da shekarun da aka soke. Gwamnati ba ta ɗaukar ma'aikata. An karya darajar kuɗi, komai na kanti ya yi tashin gwauron zabo. Kowane gindin bishiya ya zama majalisa, maza na ta gardamar jam'iyyu daga hantsi har azahar. Ni kuwa ina tsakar gida da faifai, ina taya Inna tsintar wake.

"Shekara nawa ana lakwal ana karatu," in ji Inna, ba tare da ta ɗago ba, "ga shi kin dawo muna tsintar tsakuwa tare. Da na sani da tun hwarko na aje ki nan, da yanzu kin ƙware."

Don haka ranar da wani furoje, wato shirin raya karkara, na ruwan sha ya karɓe ni gwaji na wata uku, sai da na taka rawa a bayan ɗaki inda babu mai gani. Shugaban sashenmu Mushe Idi ne, injiniya, mutumin Damagaram, wanda ke fitar da magana kamar ana cire masa haƙori. Ran farko ya faɗa mini ƙa'ida a tsaye:

"Wata uku. Ranar buɗe famfon farko za a ga aikinki. In ya yi, kin zauna. In bai yi ba, akwai mutum bakwai da takardunsu ke cikin durowata."

Aikin furojen shi ne haƙa rijiyoyin burtsatse da sa musu famfo mai aiki da hasken rana. Kowane famfo yana da wani ɗan akwati mai ruwan toka da ke faɗa masa lokacin tashi da lokacin tsayawa. Akwatin ba shi da allo, ba shi da madannai. In kana son magana da shi sai ka jona masa waya daga ordinater ta hannu (ta hannu a suna kawai, don nauyinta ya kai na jaririn wata shida), ka rubuta masa umarni. Waɗanda suka ƙera shi sun bar wa kowa ya tsara umarnin da ya dace da aikinsa. Abin da aka ɗora mini ke nan.

Na zauna na tsara abina tsaf. Umarnin na sa masa suna ruwa. Bayan sunan sai ka sa karan ɗori da harafi ɗaya, ka zaɓi abin da kake so. In ka rubuta ruwa -b, famfo ya buɗe. In ka rubuta ruwa -r, ya rufe. In ka rubuta ruwa -m 30, ya yi aiki minti talatin ya tsaya da kansa. Ko Inna za ta iya riƙe wannan.

Ba sai na koya wa akwatin karanta haruffan nan daga tushe ba. Yana zuwa da nasa rumbun ƙananan ayyuka da aka riga aka shirya, irin wanda duk mai rubutu da harshen C ya sani, kai dai ka miƙa hannu ka ɗebo. A cikin rumbun akwai wani mai suna getopt. Aikinsa ɗaya ne: ya bi kalmomin da ka rubuta bayan sunan umarni, ɗaya bayan ɗaya, yana miƙo maka haruffan da ya tarar. Yana yi ne kamar mai koyon karatu da ke bin layi da yatsa, in ya karanta kalma sai ya matsar da yatsan gaba. Yatsan ma yana da suna, optind. Ku riƙe mini wannan yatsa, za mu dawo kansa.

Saura tambaya ɗaya: in mutum ya rubuta ruwa kawai, bai sa kowane harafi ba fa? Mai hankali cewa zai yi akwatin ya tambaye shi me yake nufi. Ni kuwa sai na tuna kakata ta Takanamat, Allah ya jiƙanta, da take cewa baƙo in ya tsaya ƙofar gida bai ce komai ba, ba a tambayarsa abin da yake so, ruwa ake ba shi. Abin ya taɓa mini zuciya har na ji ƙwalla. Na ce ai ni ma akwatina ba zai zama marowaci ba. Duk wanda ya zo masa babu harafi, a buɗe masa famfo. Har na sa ya riƙa amsawa da cewa: "Sannu da zuwa, ga ruwa." (Na yini ina murmushi ni kaɗai saboda wannan layi. Allah ya yafe mini.)

Sai batun gwaji. A biro, wato ofis, ba mu da famfo, sai ƙwan fitilar babur da aka ɗaura a madadinsa: in ya kama, famfo ya tashi ke nan. Akwatin kuma da batirin mota yake aiki, ga shi batir ɗaya ne a duk sashen, shi ma wani lokaci shofer, direbanmu, kan zo ya are shi in motar furoje ta yi gardama.

"Batir ɗin nan ba shi da ƙane," in ji Mushe Idi. "Ki san yadda za ki yi da shi."

Ai bai san da wa yake magana ba. Ni da aka rene ni a gidan da ashana ɗaya ke kunna murhu biyu da fitila! Sai na ɓullo da tsari. In maƙala waya a kan batir, in rubuta ruwa -b, ƙwai ya kama, in cire waya maza. In sake maƙalawa, in rubuta ruwa -r, akwati ya ce "An rufe," in cire. Umarni ɗaya, cire waya. Umarni ɗaya, cire waya. Wata biyu da rabi ina haka, ban taɓa ba akwatin nan umarni biyu a jere yana kunne ba. Kuma ina jin kaina a matsayin macen da ta fi kowa tattali a ƙasarmu ta Adar.

Mutum ɗaya ne ya yi mini magana. Baba Agali, tsohon makanikin famfo, mutumin arewa da ba ya rabuwa da rawaninsa ko yana cikin rami. Wata rana ya tsaya a kaina da kofin shayi, ya daɗe yana kallon hannuna na kai-kawo tsakanin batir da madannai.

"Ɗiyata, raƙumi ba a ƙofar gida ake gwada shi ba. Ki bar abin nan ya yini a kunne mana."

"Baba, lissafi ne ai," na ce, cikin ladabin da ke cike da girman kai. "Abin da ya yi sau ɗaya, shi zai yi sau dubu."

Ya kurɓi shayinsa. "To. Ni ban yi lakwal ba."

Akwai wani abu kuma da ya kamata in faɗa, tun da na ce zan faɗi gaskiya. Littafin bayanin akwatin kwafi ne, an buga shi a fuska ɗaya, an ɗaure da zare. Bayan kowane shafi fari ne tas. Takarda ta yi tsada a lokacin, ni kuma ina da wata lalura: in rana ta take, kowa ya tafi hutu, biro ya yi shiru, sai baitoci su riƙa zo mini. Na cika bayan littafin nan da waƙoƙi, kan kurciya, kan duwatsun Adar, kan wani malamin lissafi da bai ma san ina yi ba. Wata rana ɗaya ta fito mini da kyau har na ji ba zan iya barinta a biro ba, kada wani ya gani. Na kwance zaren, na zare shafin, na kai gida na sa a ƙasan akwatin zannuwana. Ban ko juya na ga abin da ke ɗaya fuskar ba.

Ranar buɗe famfo ta zo. Na sha lalle tun jajibere, na ari leshin yayata, Inna ta turare mini shi har sai da na yi tari. A bakin ƙofa ta gyara mini ɗankwali ta ce, "Kak ki yi rawar kai gaban manya." Muka hau motar furoje muka bi hanyar nan mai jan dutse da ke kaɗa wa mutum hanji, ni ina rungume da ordinater kamar mai kai jariri riga-kafi.

Ƙauyen ya cika. Zafin bazara kuwa ba a magana, irin wanda ko ƙuda ke neman inuwa. Inuwa mai kyau ɗaya ce a filin, ta shato, wato babban tankin ruwan da aka ɗora a kan dogayen ƙafafun ƙarfe. Don haka a gindinsa aka kafa rumfar manyan baƙi, aka rufa da zana, aka jera kujeru. Sufurefe, babban jami'in gwamnati na yankin, a tsakiya cikin kakinsa mai guga, maigari a damansa da rawani fari ƙal, sai wakilan jam'iyyu da suka zauna nesa da juna kowa na harara ta gefen ido. Can gefe mata sun yi dogon layi da tuluna da bokitai, a gabansu shugabarsu, wata tsohuwa doguwa da ake ce wa Gwaggo Rabi.

Abu uku ban ba muhimmanci ba a lokacin. Baba Agali ya riga ya cika shaton tun jajibere har kusan baki, don kada a buɗe kan famfo a ji iska. Bututun da ke fitar da ruwa in shato ya cika ba a gama haɗa shi zuwa ƙasa ba, yana nan a sama ya miƙo baki kamar indararo, saitin rumfa. Akwatina kuma an kulle shi a cikin kabad na ƙarfe tare da batirinsa saboda ɓarayi, wayata kaɗai aka zaro ta wata 'yar huda, mabuɗin yana aljihun shugaban kwamitin ruwa, wanda ya tafi can ƙarshen gari duba gashin raguna.

Aka yi jawabai. Aka sake yin jawabai. Sannan Mushe Idi ya miƙe ya ce, a taƙaice kamar kullum, na'urar da za ta riƙa sarrafa famfon nan ɗiyar Adar ce ta rubuta mata umarni. Mata suka rangaɗa guɗa. Na zauna gaban ɗan teburina, na miƙa yatsu masu lalle yadda kowa zai gani, na rubuta ruwa -b.

Famfo ya yi gurnani a ƙarƙashin ƙasa, muka ji ruwa na hawa bututu yana zuba cikin shato. Fili ya ɗauki tafi. Wani maroƙi ya daka tsalle ya fito tsakiya.

"Ɗiyar boko mai kiran ruwa da yatsa! Wasu da guga, ke da harahi! Kowa ya ce mace ba ta haƙa rijiya, ya zo ya gani!"

Ni a lokacin ƙafafuna ba sa ƙasa. Har na fara haɗa baitin farko na waƙar da zan rubuta kan wannan rana. Ina cikin neman kalmar da za ta dace da "bazara" na ji muryar sufurefe.

"Madalla, madmazel. To tsayar da shi mu gani."

"Nan take, ranka ya daɗe."

Na rubuta ruwa -r. Na danna. Akwati ya amsa: "Sannu da zuwa, ga ruwa."

Na ce wataƙila yatsana ne ya zame. Na sake rubutawa a hankali, harafi bayan harafi, kamar 'yar aji ɗaya. "Sannu da zuwa, ga ruwa." Na gwada ruwa -m 1, da nufin ya yi minti ɗaya ya tsaya da kansa. "Sannu da zuwa, ga ruwa." Na rubuta da manyan haruffa. Na danna madannin da ƙarfi, kamar akwatin kurma ne. Na yi bisimilla na sake. Duk abin da na faɗa masa, wannan marar kunya sai ya yi mini maraba ya ƙara mini ruwa. (Ban taɓa sanin mutum zai iya tsanar jimlar da shi ya rubuta da hannunsa haka ba.)

Mushe Idi ya sunkuyo. "Me ake jira?"

"Yana... yana tunani ne, Mushe."

"Akwatin nan ba ya tunani. Shi ya sa aka ɗauke ki."

Baba Agali bai jira kowa ba, ya nufi kabad don ya cire waya. A kulle. Ya dubi wayoyin farantan rana, an zura su cikin bututun ƙarfe an binne, su ma saboda ɓarayi. Ya juyo ya ce, "Ina mai mabuɗi?" Aka ce yana wajen nama. Mutum uku suka zura da gudu, kowa ya bi hanya daban.

Ɗigon farko a kan rawanin maigari ya sauka. Bawan Allah ya shafa, ya dubi hannunsa, ya leƙa sama ta gefen rumfa, ya ce da iyakar gaskiyarsa, "Alhamdu lillahi! Tun yanzu?" Babu ko ɗigon gajimare a sararin Allah. Sai indararon nan ya buɗe baki gaba ɗaya. Ruwa ya riƙa dukan zanar rumfa, zana ta yi ciki, ta ƙara yin ciki, ina kallo ina rubuta ruwa -r kamar mai jan carbi. Daga nan ta ɓalle. Saitin sufurefe.

Ba zan kwatanta muku komai da komai ba, saboda mutumin yana da iyali. Zan dai ce hularsa ta bi ruwa, takardar jawabinsa ta zama kunu, kuma a ranar na ga wakilan jam'iyyun da suka yi shekara ba sa gaisawa sun ruga wuri ɗaya sun rakuɓe kafaɗa da kafaɗa. Leshin yayata ya manne mini a jiki, duk turaren Inna ya bi ƙasa. Daga bayan taro wani ya ɗaga murya:

"Wanga hwamho ɗan siyasa ne! An ba shi dama ya yi magana, ya ƙi aje lasihika!"

Maza suka kwashe da dariya. Maroƙin nan kuwa, da bai fi minti biyar da ɗaga ni sama ba, ya koma gefe yana matse rigarsa yana cewa shi dama tun farko bai yarda da abin da ba shi da igiya ba.

Mata ba su yi dariya ba. Layinsu ya watse, suka rugo da tuluna da bokitai da ƙore, suna tare abin da za su iya tarewa, wasu har da zannuwansu. Duk da haka mafi yawa a ƙasa ya ƙare, ƙasa tana shanyewa nan take kamar ba a zuba ba. Gwaggo Rabi ta cika tulunta, ta aje, ta tako har gaban teburina. Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga.

"Ɗiyata, tun ina budurwa nake tahiya bayan dutsen can in ɗebo tulu guda. Yau na ga ana shayar da ƙasa gabana, tana ƙoshi ni ina kallo." Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke ɗiyar wa ce?"

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san babu tambayar da ta fi wannan ciwo. Na faɗi sunan gidanmu da muryar da ni ma da ƙyar na ji.

"Af! Jikar mutanen Takanamat? Na san kakarki. Ita kam ko ruwan wanke hannu ba ta zubarwa, tumaki take ba."

Sai ga mai mabuɗi ya iso a guje, hannu duk maiƙo, da tsokar nama a kumatu. Baba Agali ya buɗe kabad ya fizge waya. Famfo ya yi shiru. Baba Agali ya jira kaɗan ya mayar da wayar, ya dube ni ya ce in sake gwadawa. Na rubuta ruwa -r.

"An rufe," in ji akwati, lafiya lau, kamar yaron kirki.

Da akwai taɓarya kusa, da furojen ya yi asarar akwati ɗaya.

A hanyar komawa ruwa ya yi ta ɗiga daga kujerun mota. Da muka shigo Tawa Mushe Idi ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Litinin. Dalili nake so, ba ban haƙuri ba. In babu dalili, ki taho da mabuɗin biro."

Labari ya riga ni isa gida (har yau ban san ta wace hanya ba, don motarmu ce ta fara barin ƙauyen). Inna tana zaune da faifanta.

"An ce kin yi ma sufurefe wanka."

"Inna, na'ura ce ta—"

"To aje leshin mutane ki shanya. Ga wake can."

Juma'a da Asabar na yi su a biro ina bin littafin bayani shafi bayan shafi. Na kai wurin da ake bayanin getopt, na ga maganar ta yanke a tsakiyar jimla, shafi na gaba kuma ya shiga wani batu dabam. Na tsine wa mai buga kwafi. Na tsine wa injinsa da tawadarsa da wanda ya koya masa aiki. Na ce wannan ai zalunci ne, mutum ya tsallake shafi guda ya jefa baiwar Allah cikin masifa. Har na tsara irin maganar da zan faɗa masa in na gan shi.

Ran Lahadi bayan la'asar na haƙura. Na ce tun da gobe zan koma tsintar wake, bari in karanta abu ɗaya da na taɓa yi da kyau a duniya. Na buɗe akwatin zannuwa na zaro waƙata. Na karanta, na share hawaye. Ina ninke takardar idona ya faɗa kan ɗaya fuskar. A samanta an rubuta getopt, da ci gaban jimlar nan da ta yanke. A ƙasa kuma ga wani gargaɗi da aka kewaye da layi mai kauri, yadda ko makaho zai lalubo.

Abin da yake cewa shi ne: a babbar ordinater, duk lokacin da ka ba da umarni, shirin yana tashi sabo, ya yi aikinsa, ya mutu, don haka yatsan nan optind kullum daga farkon layi yake farawa. A cikin ƙaramin akwati irin namu kuwa shirin ba ya mutuwa muddin akwai wuta. Yatsa yana nan inda aka bar shi. Dole kai da kanka ka mayar da shi farko kafin kowane sabon umarni.

Na zauna a ƙasa daɓas. Da na rubuta ruwa -b, getopt ya karanta harafin ya matsar da yatsa gaba. Da na rubuta ruwa -r, ya duba daga inda yatsansa yake, ya ga ya riga ya wuce wurin, ya ce babu harafi. Akwati kuma ya tuna tarbiyyar da na ba shi: ga baƙo ya zo bai ce komai ba. A biro ban taɓa ganin haka ba, saboda duk cire wayar da na yi don tattalin batir, ni ce ke mayar masa da yatsa ban sani ba. Gyaran duka layi ɗaya ne. Layi ɗaya! Bai kai tsawon baitin farko na waƙata ba.

Litinin na kwafe gargaɗin da hannu a wata 'yar takarda, na kai wa Mushe Idi, na yi bayani. Ya saurara har ƙarshe. Baba Agali yana gefe yana hura gawayin shayi.

"A ina kika samo wannan? Ba ya cikin littafi, na duba."

"Shafin... ya fita ne, Mushe."

"Ya fita da ƙafarsa? Littafin na furoje ne. Kawo."

Na zaro shi daga jaka na miƙa, fuskar gargaɗin a sama, ina roƙon Allah ya ɗauke hankalinsa. Ya karanta. Ya ga alamar tawada ta huda daga baya. Ya juya. Ya gyara tabarau. Sannan mutumin nan da ba ya haɗa jimla uku a jere ya karanta da ƙarfi, da muryar mai karanta sanarwar rasuwa:

"Ruwa, ka zo Adar ka zauna,
kada ka saurari mai cewa ka koma.
In sun ce tsaya, yi kamar ba ka ji ba,
zuba, har dutse ya yi laushi."

Baba Agali ya ƙware da shayi, sai da ya kama bango. Ni kuwa ina neman inda ƙasa ta fi taushi in shige.

"Addu'arki ta karɓu," in ji Mushe Idi. Gefen bakinsa na motsi. "Kin kawo dalili, kuma daidai ne. Mutum bakwai na cikin durowata babu wanda ya taɓa jin kunyar da kika ji, saboda haka babu wanda zai kai ki duba shafi. Kin zauna. Amma ke za ki koma ƙauyen ki gyara da hannunki, ki buɗe ki rufe sau goma a gaban matan nan. Kuma ki cire mini wannan sannu da zuwan."

"Baƙo a ba shi ruwa, gaskiya ne," in ji Baba Agali yana share ido da bakin rawani. "Amma a moɗa, ɗiyata. Ba a juye masa rijiya."

Na koma ran Laraba. Babu rumfa, babu maroƙi, sai Gwaggo Rabi da matanta a tsaye, hannu a ƙugu. Na buɗe na rufe sau goma tana ƙirgawa da yatsu. Da na gama ta ce in ƙara biyar, don ita ba ta yarda da abin da ya taɓa yi mata ƙarya ba. Na ƙara. Sannan ta ce in rubuta ruwa kawai ta gani, don an ba ta labarin baƙon. Na rubuta. Akwati ya ce: "Me kake so? Buɗewa ko rufewa?"

"Yanzu ya yi hankali," ta ce. Ta ɗebo ruwa a moɗa ta miƙo mini. "Sha, Damana."

Sunan da ya bi ni ke nan, Damana, wato damina mai kawo ruwan sama. Na yi shekaru a furojen, na sa wa famfo da yawa umarni daga Kalfu har Tebaram, kuma duk inda na sauka sai in tarar sunan ya riga ni. Tun daga ranar ban sake yarda da abin da ya yi mini biyayya sau ɗaya ba, na'ura ko mutum, sai na sake tambayarsa a karo na biyu yana kunne. Waƙa kuwa ban daina ba. Sai dai yanzu kafin in rubuta baiti a bayan takarda, nakan juya in karanta gabanta tukuna, kuma ina kula da abin da nake roƙo a ciki.